Layukan da Na Cire Daga Maganar Baba

Litinin, da yamma

Sun sallamo mu daga asibiti. Ni da maƙwabcinmu na ƙasa muka hau da Baba bene a kan kujerar roba, Gwaggo na biye da mu da jaka tana ta "a hankali, a hankali," sai ka ce wani ya yi niyyar jefar mata da ɗan'uwa. Tun ranar da na tsince shi a ƙasan banɗaki bai furta ko kalma ɗaya ba. Hannun dama yana nan yashe a cinyarsa kamar na aro. Ido kuwa garau, yana bin kowa da kallo. Muna shiga falo ya dubi agogon bango da ya daina aiki, ya dube ni, ya sake duban agogon. Na taka kujera na canja masa batir.

Abin da likita ya ce ba zan rubuta shi a nan ba.

Laraba, kafin in fita aiki

Yaya ya kira jiya. Wai Asabar ɗin ƙarshen wata zai zo da mota ya tafi da Baba gidansa.

"Gidana ba bene ba ne, asibiti kuma yana bayanmu. Antinki tana gida, ga yara. Ke tun safe kike fita, Gwaggo kuma ita ma mai neman a kula da ita ce."

Na ce, "Yaya, kaya ne shi da za a zo a ɗauka? An tambaye shi?"

"Auta, a tambaye shi ya amsa da me?"

Wallahi sai da na ji kamar in maka wayar da bango. Na ce masa Baba yana nan sarai, bakin ne kawai ya ƙi. Sai ya ce, "To na ji. In ya ce zai zauna, na bar shi. Amma shi zai faɗa, ba ke ba."

Tafiyar rabin yini ce tsakaninmu da su. Mutumin da sau biyu a shekara muke ganin fuskarsa, yau shi ne mai tsara inda Baba zai kwana. Ni ce nake gidan nan da shi tun rasuwar Mama. Ba inda za a kai shi.

Alhamis, bayan la'asar

Mun je wurin malamar da ke koya wa masu irin lalurarsa magana. Mace ce mai sanyin hali, ta fito da wasu katuna masu zane: kofi, gado, banɗaki, fuska mai murmushi. Ta jera masa a cinya ta ce ya nuna abin da yake so. Baba ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya sa hannun hagu ya watsar da su ƙasa.

Na ji kunya, amma can ƙasan raina na ce madalla. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a gidan waya, wanda mutane ke kawo wa wasiƙa ya gyara musu kafin su liƙa kan sarki, shi za a ba hoton kofi?

Malamar ba ta ji haushi ba. Ta gwada shi da rubutu, ta ce karatunsa yana nan, ciro kalmar ne ya gagara, da baki ko da biro. Ta ce da za a samu irin maganganun da ya saba yi a jera masa ya riƙa zaɓa, wataƙila ya yarda.

A cikin mota na tuna da guruf ɗin gidanmu na waya.

Juma'a, lokacin hutun rana, a ofis

Na fitar da hirar guruf ɗin gaba ɗaya daga wayata zuwa fayil guda. Shekara goma na surutun dangi, layi dubu ɗari biyu da wani abu. Na gwada buɗe shi da manhajar rubutu, kwamfutata ta sandare tana huci kamar tsohuwar mota a kan tudu. Na rufe, na koma baƙin allon buga umarni inda na fi wayo.

Ai wannan shi ne aikina a kamfanin nan. Intanet ya ɗauke wa wata unguwa, a miƙo mini fayil mai layi miliyoyi a ce in zaro guda ashirin da suka nuna inda matsalar ta fara. Ban taɓa zaton ranar da zan zaro mahaifina ba.

Kowane saƙo yana farawa da kwanan wata, sai lokaci, sai sunan mai shi. Abu mai sauƙi. Na buga grep "Baba:", umarnin da ke zaro duk layin da ke ɗauke da kalmar da ka ba shi, na juye sakamakon a sabon fayil. Kafin in ɗauke yatsa ya gama. Ban duba ba, an kira ni ɗakin injuna.

Asabar, da hantsi

Na duba. Innalillahi.

"Bayan gaisuwa mai yawa." "Bayan gaisuwa mai yawa." "Bayan gaisuwa da fatan alheri." Haka har ƙasa, dubbai. Ashe Baba ko a waya wasiƙa yake rubutawa. Sai ya sa gaisuwar a layi na farko, ya sauko ƙasa, sannan ya fara maganar. Shi kuwa grep layin da ke ɗauke da suna kaɗai ya sani, sauran ba ruwansa. Na tara gaisuwar shekara goma ba tare da magana ko ɗaya ba.

Na yi dariya har Gwaggo ta leƙo daga kicin ta ce, "Ke lafiya?" Na ce lafiya. Daga nan kuma dariyar ta juye ta zama wani abu, na shige banɗaki na kunna famfo.

Lahadi, da yamma

Wanka, canjin zanin gado, magani, motsa hannu, motsa ƙafa. Bayana kamar an daka.

Litinin, bayan an tashi aiki

Dogo, wanda teburinsa ke kallon nawa, ya ga ina ta faɗa da fayil ɗin ya jawo kujera. Na gaya masa komai, ban san me ya sa ba. Bai yi mini dogon jaje ba, Allah ya saka masa. Cewa ya yi, "Ki bar grep tukuna. Ki sa umarnin awk ya bi layi-layi, duk wanda bai fara da kwanan wata ba ya manna shi a jikin na samansa. Saƙo ɗaya, layi ɗaya. Sai ki tace."

Na ce ai na sani. Ya ce, "Na san kin sani, barci ne ba ki yi ba."

Mun rubuta tare, layi uku kacal. Sannan na sa umarnin sed ya datsa kowane saƙo a inda jimla ta ƙare, na ajiye gajerun da za su shiga allo. Na jera su, na ƙirga wadda ta fi maimaituwa. Ta farko bayan gaisuwa: "Wa ya bar fitila a kunne?" Ta biyu: "Ku daina turo mini hoton da ba rubutu." Dogo ya riƙe ciki yana dariya, ya ce wannan dattijon da shi ne shugaban sashenmu da mun shiryu.

Ni kuwa sai na ji muryar Baba a kunnena, rangaɗau, har da yadda yake jan "wa" ɗin.

Talata, da safe

Yaya ya kira. Ban ɗauka ba.

Laraba, bayan magariba

Yau tacewa na yi. Idan aka sa wa grep alamar -v, sai ya ba ka komai ban da abin da ka ambata. Na cire saƙonnin da Baba ke turowa na maganin hawan jini da lemon tsami. Na cire sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa. Na cire rigimarsa da ƙanin Mama a kan ƙwallo, ko da yake na bar "Alƙalin wasan nan makaho ne," don zai yi amfani.

Kyaftin Baba yake kiran Yaya, tun yana yaro yana riƙe da ƙungiyar ƙwallon makarantarsu. Na buga grep -v -i "kyaftin". Fayil ɗin ya rage tsawo sosai.

Ba wani abu ba ne. Allon ƙarami ne, ba komai zai ɗauka ba.

Juma'a, da yamma

Na zuba jimlolin a tsohuwar wayar nan mai faɗi da nake karatu da ita. Na kasa su gida-gida: ci da sha, jiki, mutane, ƙorafi. Gidan ƙorafi ya fi kowanne cika. In ya taɓa jimla, na'urar ta karanta da ƙarfi. Gwaggo ta sa mata suna faranti.

Na ɗora masa a cinya, ina jiran ya watsar kamar katunan. Ya ƙura ido. Ya ja da yatsa, ya tsaya, ya sake ja. Ina ganin lokacin da ya gane maganar wane ne, don gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga. Gwaggo ta shigo da shayi ta ba shi a cokali. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya koma kan farantin yana nema. Can sai wata murya mai kama da ta mai karanta sanarwa a tashar jirgi ta ce:

"Wannan shayin ruwan zafi ne kawai."

Gwaggo ta saki cokalin. "La ilaha illallahu! Ka ji mini ɗan nema! Sati nawa ba ka yi magana ba, da ka tashi sai ka fara da ni?" Tana faɗa tana kuka tana dukan kafaɗarsa mai lafiya. Shi ma kafaɗar tana rawa, dariya yake ba sauti.

Yau na ji daɗi. Bari in rubuta shi ƙarara, don na daɗe ban ji ba.

Asabar, da rana

Ya wuni yana danne-danne. Ya tambaya wa ya bar fitila sau ba adadi, har da wadda ke kashe. Maƙwabcinmu ya hau gaishe shi, ya danna masa "Alƙalin wasan nan makaho ne." Bawan Allah ya ce, "Gaskiya ne, Baba."

Akwai jimlar da na sa a saman gidan mutane: "Ni gidana ya fi mini ko'ina." Ya rubuta ta ne shekarun baya da ya dawo daga wata tafiya. Bai taɓa ta ba tukuna. Akwai lokaci.

Litinin, da safe

Yaya ya kira. Ban ɗauka ba. Ya turo saƙo wai yara suna son ganin kakansu a waya. Na ce yana barci.

Talata, bayan azahar, a ofis

Barci ya sace ni a ɗakin injuna, a zaune, kaina jingine da ƙarfe. Shugaban sashe ne ya tashe ni. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi in ina buƙatar hutu in rubuto. Na riga na cinye hutuna a asibiti, ya sani, na sani.

Laraba, da yamma

Ba na son rubuta na yau.

Gwaggo ta je karɓo magani. Na ce bari in yi masa wanka ni kaɗai, ai na saba. Wajen ɗago shi daga kujera santsi ya kwashe ni, muka zube tare. Bai bugu ba, a kaina ya faɗo. Amma na kasa ɗaga shi, na kasa zare jikina, bayana ya riƙe ƙam. Muka zauna a jiƙe a wurin nan dai da na tsince shi ran nan, ina ƙwala wa maƙwabci kira ta taga har muryata ta dishe. Baba yana kallona. Ba tsoro ne a idonsa ba, da tsoro ne da na fi jin sauƙi. Ya sa hannun hagu ya share mini ruwa daga goshi.

Na roƙi maƙwabcin da Gwaggo kada wanda ya gaya wa Yaya.

Alhamis, bayan la'asar

Wurin malamar magana. Ta yi murna da farantin ƙwarai, har ta kira abokiyar aikinta ta gani. Sai ta fara yi masa tambayoyi yana amsawa. Me ka sha da safe? Ina ke ciwo? Sannan ta ce, "Baba, ba ni labarin 'ya'yanka."

Ya shiga gidan mutane. Ya danna, "Auta ta iya aiki amma ba ta iya ajiye makulli ba." Muka yi dariya. Ya ci gaba da ja. Ya kai ƙasa, ya dawo sama, ya sake kaiwa ƙasa. Numfashinsa ya fara sauri.

Malamar ta dube ni. "Na ɗauka ku biyu ne?"

Na ce fayil ɗin ne ban gama shiryawa ba. Ta ce to. Irin "to" ɗin nan.

Juma'a, da safe

Ya ƙi karyawa. Ya ƙi taɓa farantin.

Lahadi, bayan magariba

Kwana biyu ke nan yana fushi. Gwaggo ta ce ko jikin ne, na ce wataƙila.

Ɗazu ina gyara masa matashi ya damƙe wuyan hannuna. Ban san hagunsa na da ƙarfi haka ba. Ya ɗaga haɓa ya nuna hoton da ke saman talabijin, wanda Yaya ke tsugune a gaban 'yan ƙungiyarsu da ƙwallo a hannu. Ya sake ni, ya ƙwanƙwasa farantin da yatsa, ƙwas ƙwas ƙwas. Na yi kamar ban gane ba, na ce, "Ruwa kake so?"

Ya daɗe yana kallona. Sai ya jawo farantin, ya shiga gidan ƙorafi, bai ko yi dogon nema ba.

"Wa ya taɓa mini kayana?"

Na ce zan duba girki. Babu komai a kan wuta.

Litinin, da rana

Yaya ya kira. Na ɗauka. Ya ce yana nan tafe Asabar. Ya ce muryata wani iri, na ce mura ce.

Laraba, bayan an tashi aiki

Kowa ya watse, saura ni da Dogo yana haɗa jakarsa. Na buɗe baƙin allo na buga umarnin nan na ran nan, amma na cire -v. Wato a ba ni abin da na zubar kaɗai.

Sun fi yadda na zata yawa, nesa ba kusa ba. "Kyaftin, yaushe za ka zo?" "Kyaftin, ka sa yaran su kira ni." "Kyaftin bai kira ba yau, ko lafiya?" "Ku gaya wa Kyaftin na ga hoton, yarinyar ta yi kama da mamarku." Duk a guruf ɗin nan suke, a gabana aka turo su, ina wucewa ina neman abin da ya shafe ni.

Dogo ya tsaya a bayana, na san ya karanta. Ya ce, "In kashe fitila ko kina nan?" Na ce ina nan.

Ni fa tsoro nake ji. Ba na son in dawo daga aiki in tarar da gidan nan shiru. Shi ke nan, na faɗa.

Na haɗe fayilolin biyu, na buɗe sabon gida a farantin na sa masa suna Kyaftin. Jimlar nan da na ɗora a sama kuma na mayar da ita cikin 'yan'uwanta, inda jerin ya ajiye ta.

Alhamis, da safe

Na ajiye masa farantin a cinya. Ya ga sabon gidan, ya shiga, ya daɗe yana karantawa bai danna ko ɗaya ba. Da ya ɗago sai ya buɗe baki Gwaggo ta ba shi abinci. Ya cinye tas.

Asabar, da yamma

Yaya ya iso da hantsi, shi da babbar 'yarsa. Ya rame, ban san ya yi furfura haka ba. Ya durƙusa gaban Baba ya riƙe hannun da ba ya motsi. Baba ya danna, "Kyaftin, ka yi ƙiba." Yaya ya zabura ya waiga yana neman mai maganar, yarinyar ta fashe da dariya, shi kuma ya kifa kansa a gwiwar Baba.

Bayan an ci abinci muka zauna a falo, Gwaggo a bakin ƙofa. Yaya ya ce, "Auta, ke za ki tambaye shi ko ni?" Na ce ni.

Na tsuguna na ce, "Baba, Yaya yana so ka koma wurinsa. Ni ina so ka zauna. Duk abin da ka ce shi za a yi, wallahi ba wanda zai ja."

Ya shiga gidan mutane. Ina kallon yatsansa ya zo kan "Ni gidana ya fi mini ko'ina." Ya tsaya a kai, ya daɗe, har na fara sakin numfashi. Sai ya wuce. Ya fita, ya shiga sabon gidan, ya yi ta ja har ya samu abin da yake nema. Na tuna ranar da ya rubuta ta, wani biki ne za mu je ana rabon motoci.

"Ni zan bi motar Kyaftin."

Na ce, "To, Baba." Na yunƙura zan tashi in haɗa kaya, ya riƙe mini gefen riga. Bai gama ba. Ya koma yana nema, wannan karon ya daɗe sosai, har Yaya ya ce ko a taimaka masa, Gwaggo ta ce, "Kai, bar shi." Ban san jimlar tana ciki ba, ban san ma yaushe ya rubuta ta ba.

"Kada wanda ya tashi Auta, ku bar ta ta yi barci."

Ya danna ta sau biyu, yana kallon Yaya, don ya tabbatar an ji.

Ni na naɗe masa kayansa. Na nuna wa yarinyar yadda ake cajin farantin da yadda ake ƙara jimla, ta kama nan da nan. Na ba Yaya fayil ɗin gaba ɗaya, ban cire ko layi ɗaya ba. Ni da shi muka sauko da Baba a kujerar roba, shi a ƙasa ni a sama. A tsakiyar bene Yaya ya ce, "Haka kike yi ke kaɗai?" Na ce ya kula da takunsa.

Lahadi

Ban san ƙarfe nawa ba ne. Rana ta riga ta cika ɗakin, Gwaggo ta rufe mini ƙofa ta kashe wayata. Na so in ji haushin Baba, na kwanta da niyyar in ji haushinsa, amma ko juyi ban yi ba.

Sun sauka lafiya. Zan je ranar Juma'a.